Ramin Dogo

Duk wanda ya yi aiki a sashen nazarin taurari na jami'ar nan ya san abu biyu game da Dogo: ba ya shiga ƙofa sai ya sunkuya, kuma ba ya sakin abin hannunsa. Na farkon halitta ce, ba wanda ya ga laifinsa. Na biyun kuwa hali ne, shi ya raine shi da kansa shekara da shekaru, har ya girma ya fi shi tsawo.

Abin hannun nasa ba irin wanda ake sawa a aljihu ba ne. Tun yana matashin malami, gashi baƙi wuluk, aka ba shi dama a wata babbar na'urar hangen nesa da ke kan dutse, don ya duba wani abu dabam da yau shi kansa ya manta ko mene ne. Yana can sai labari ya iso cewa wani tauraro ya fashe a wani gungun taurari mai nisa. Taurari kan yi haka. In babba ya tsufa, makamashinsa ya ƙare, sai ya tarwatse, haskensa ya cika wuri na ɗan lokaci, sannan ya dushe ba a ƙara ganinsa. Masu wannan sana'a sukan kama hasken su ratsa shi ta wata na'ura, ta baje shi launi-launi kamar bakan gizo, kwamfuta kuma ta mayar da shi layi guda mai hawa da gangara. Layin nan suke kira bakan haske, kuma kowane rami a jikinsa yana gaya musu abin da ke cikin tauraron, nan ƙarfe ne, nan iskar kaza ce. Dogo ya juya na'urar ya ɗauki bakan tauraron tun fashewar tana ɗanya. Washegari hadari ya rufe dutsen, sauran na'urorin duniya kuma ba su farga ba sai da tauraron ya canza kama. Ya zamana mutum ɗaya ke da bakan farkon abin a duk faɗin duniya, kuma cikin rashin sa'ar duniya mutumin Dogo ne.

Al'adar masu wannan aiki ita ce in ka ɗauki bakan haske ka ɗora shi a rumbu. Rumbun a intanet yake, kowa ya zuba nasa, kowa ya ɗebi na wani, ana rubuta sunan wanda ya ɗauka a gefe don kada alherinsa ya ɓace. An yarda mutum ya riƙe nasa na ɗan lokaci, har ya rubuta maƙalarsa. Dogo ya riƙe nasa na ɗan lokaci. Duk wanda ya roƙe shi, amsar guda ce: "Sai na gama maƙalata." Wanda ya fara roƙonsa yana saurayi ya yi aure, ya haihu, ya kai yara makaranta, ya yi furfura, Dogo bai gama maƙalarsa ba. Gabatarwa kam ya rubuta ta ba adadi. Matsalar ita ce roƙon ya fi rubutun daɗi, kuma ya san ranar da ya saki abin ranar za a daina buga masa waya.

Sau ɗaya tak ya nuna shi a bainar jama'a. A wani babban taro ne, aka kashe fitilu, ya haska bakan a allo da majigi, ya tsaya a gefe yana nuni yana shan ƙamshi, kafin mutane su gama gyara tabarau ya cire shi. Ashe wani mara kunya a layin baya ya ɗauki hoton allon. Bayan wani lokaci wani ya sa manhajar da ke bin layi a cikin hoto ta kwafe shi, ya ɗora a rumbu. Da yake dokar rumbu ta ce sunan wanda ya ɗauko daga sama ake rubutawa, ba na wanda ya kwafa ba, sai kayan satar ya zauna daram da sunan mai kayan a gefensa.

Dogo ya yi tsalle ya dire. Ya ce an yi masa fashi da rana tsaka, ya rantse ba zai taɓa buɗe shafin ya kalli abin ba, kuma ya cika rantsuwarsa. Sai dai bai daɗe yana fushin ba maƙaloli suka fara fitowa. Masu nazari sun ga wani rami a bakan, can wajen ɓangaren ja, siriri mai zurfi, a inda babu wani sinadari da aka sani yana yin rami. Wannan ya ce kaza ne, wancan ya ce a'a, kaza ne. Da aka rasa sunan da za a ba shi, sai aka kira shi Ramin Dogo. Fushin ya narke kamar man shanu a rana. Aka shiga gayyatarsa taruka, ana zaunar da shi a gaba, ɗalibai suna roƙon su ɗauki hoto da shi, shi yana sunkuyowa su suna ɗage. Aka yi ta neman irin ramin a wasu taurarin ba a samu ba, rashin samun kuma ya ƙara masa daraja.

Zan faɗi gaskiya a kansa, tunda shi bai faɗa wa kansa ba. Ranar da ya fara ganin ramin a maƙalar wani, gabansa ya ɗan faɗi, don bai tuna da wani rami a wurin ba. Amma ya ce wa kansa wa zai tuna kowane lungu na layin da ya gani shekarun baya? Ainihin bakan yana cikin wani tsohon tef a aljihun teburinsa, na'urar karanta irinsa kuma an daɗe da kwashe ta daga ofis, bai kuwa nemi a dawo da ita ba. In aka tambaye shi a taro, "Farfesa, a naka ma haka ramin yake da zurfi?" sai ya yi murmushi ya ce, "Ku jira maƙalata." Kowa ya ɗauki murmushin a matsayin e.

Haka aka yi ta tafiya har ritaya ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Shugaban sashe, wanda yaro ne a wurinsa, mai yawan murmushi da yawan doka, ya same shi a ofis yana ɗaure littattafai a kwali.

"Ranka ya daɗe, ba ni na kafa dokar ba," in ji shi, yana murza hannu. "Duk abin da aka ɗauka da sunan jami'a sai ya shiga rumbu kafin mutum ya miƙa makulli."

"Sai na gama..."

"Ka gama ta a gida, ranka ya daɗe, cikin kwanciyar hankali. Mu tef ɗin kawai muke so."

Da ya koma gida ya kai ƙara wurin matarsa. Ita ma'aikaciyar jinya ce da ta riga shi yin ritaya, ta ga haihuwa ta ga mutuwa, ba abin da ke ɗaga mata hankali. Tana zaune tana gyaran maɓallin rigarsa, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, tauraron nan kai da bakinka ka ce ya mutu tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba. Kai kaɗai ka hana a rufe shi. Ka ba su, bawan Allah ya huta."

"Ke ba ki san darajar abin ba."

"Na sani mana. Ni nake guge rigunan da kake zuwa taron da su."

Mai kula da rumbun tsohuwar ɗalibarsa ce, shi ya duba kundin digirinta. Ofishinta a ƙasan ginin yake, inda na'urori ke gurnani ba dare ba rana, ana hura musu sanyi don kada su yi zafi, ita kuma tana fama da rigar sanyi da butar shayi. Irin mutanen nan ce da ba sa jefar da komai. Tsohuwar na'urar karanta tef da aka kwashe daga sama tana nan a ƙarƙashin teburinta, a kanta take ɗora ƙafa. Ta jawo ta, ta hure ƙura, ta karɓi tef ɗin da hannu biyu.

"Malam, ka san tun ina ɗaliba nake jiran wannan ranar?"

"To ga ta, 'yata. Ki bi shi a hankali, ya girme ki a aikin nan."

Na'urar ta yi tari, ta yi ƙugi, sannan ta kama. Layi ya bayyana a fuskar kwamfuta, tsaf, kamar jiya aka ɗauke shi. Dogo ya ji ƙwalla ta taru masa. Ya tuna sanyin dutsen, da yadda ya juya na'urar, da yadda a lokacin bai san wani abu wai shi suna ba, aikin kawai yake so.

Ita kuwa ta yi abin da take yi wa kowane sabon fayil. Ta ɗauko kwafin da ke rumbu, ta ba shi jan launi, ta ɗora shi a kan na Malam mai baƙin launi don ta ga ko sun dace. Sun dace. Inda wannan ya hau wancan ya hau, inda ya gangara ya gangara, tun daga ɓangaren shuɗi har suka doshi ja. Nan ne jan layin ya zurma ƙasa ya yi shahararren raminsa, baƙin kuwa ya wuce abinsa samɓal, ko tuntuɓe bai yi ba.

Ta matsar da layin hagu, ta matsar da shi dama. Ta sake karanta tef ɗin daga farko. Dogo yana tsaye a bayanta, gumi yana tsatso masa a ɗakin da ake sa rigar sanyi.

"Bari in duba wani abu," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Ta shiga tsofaffin ma'ajiyai, tarkacen da aka kwaso lokacin da aka yi wa rumbun ƙaura daga tsohuwar na'ura, ta yi ta tono har ta ci karo da hoton da aka kwafi layin daga cikinsa. Hoto ne dishi-dishi. Ga ƙeyoyin mutane a gaba, ga allon, ga wani dogon saurayi a gefe ya miƙa hannu. Gajeren mutum daga ƙasa yake nuni. Dogo kuwa daga sama ya sauko da hannunsa, inuwar yatsarsa ta ratsa layin, kanta ya leƙo ta ƙasa. Manhajar da aka ce ta bi baƙi ta bi baƙi, ta gangara gefen yatsar, ta zagaye kanta, ta hau ta ɗaya gefen ta ci gaba da tafiyarta. Ta ƙara girman hoton. 'Yar lanƙwasar nan da ke gindin ramin, wadda wani ya samu digiri na uku a kanta, farcen Malam ne.

Na'urori suka ci gaba da gurnaninsu.

"Ni ma ina da maƙala a kansa, Malam," in ji ta daga baya. "Kai ka sa mini hannu."

"Na tuna."

Ta juyo da kujerarta ta dube shi. Tausayinsa ya kama ta, don ba ta taɓa ganin ya yi ƙanƙanta haka ba.

"Tef ɗin ya tsufa. In na ce bai karantu ba, ba wanda zai yi mamaki. Daga ni sai kai muka gani."

Ya ji ƙaunarta har cikin ransa, ya kuma ji kunya ta rufe shi, don shi ya koya mata cewa ba a taɓa abin da na'ura ta ɗauka, ga shi yau tana shirin karya wannan saboda shi. Ya ce ta ba shi lokaci ya yi tunani.

A gida ya zauna gaban abinci ya kasa ci, sai juya yatsar yake yana kallonta. Matarsa ta tsare shi da tambaya har ya faɗa mata. Sannan kafaɗunta suka fara rawa, ta toshe baki da gefen mayafi, abin ya ƙi, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Wannan? Wannan da kake ƙwaƙule kunne da ita? Ita aka yi ta kai mu ƙasashe ana ba mu masauki?"

Da ta ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya. Ta matso kusa.

"Shi kaɗai gare ni," in ji Dogo. "Ban rubuta komai ba. Abokaina suna da littattafai, suna da ɗalibai da suka cika duniya. Ni ramin nan ne kawai. In ya tafi, in na mutu ba wanda zai san na zo."

"Kana da sauran yatsu tara da ba su yi laifin komai ba," in ji ta. Da ta ga bai yi murmushi ba sai ta dafa hannunsa. "Malam, ni dai na aure ka tun ba rami. Amma ba zan ce maka yi ko bari ba. Kai za ka kwana da abin."

Kada a ɗauka gaskiya ce zalla ta rinjaye shi. Tana ciki, ba a hana ta haƙƙinta. Ya wuce ta gaban wani ɗaki ya ga wata ɗaliba tana liƙa takardar aikinta a bango, za ta ɓata shekarun ƙuruciyarta tana neman Ramin Dogo a wasu taurari, abin ya tsaya masa a rai. Amma akwai wani abu kuma. Ya fara hango taron da za a yi, manyan masana sun miƙe tsaye suna tafi, ana cewa ga dattijon da ya rushe sunansa da hannunsa saboda ilimi. Har jawabin da zai yi ya tsara a zuci, gajere mai tawali'u. Da wannan ƙarfin ya sauka ƙasan ginin ya ce a ɗora bakan.

"Da hoton?" in ji mai kula da rumbu.

"A'a, bar hoton tukuna. Masu hankali ne, za su gane da kansu."

Ta ɗora. Kafin la'asar an sauke fayil ɗin daga kowace kusurwa ta duniya. Dogo ya koma gida ya sa aka guge masa babbar riga, ya zauna kusa da waya.

Masu hankalin suka gane da kansu. A ƙarƙashin kowane baka a rumbu akwai wurin da masu amfani ke rubuta ra'ayi, nan suka yi layi. Na farko ya yi godiya cikin ladabi, sannan ya ce da alama an yi kuskure wajen tace bayanan, domin sanannen ramin bai fito ba. Na biyu ya ce tsofaffin tef sukan lalace ta ɓangaren ja, ya kawo hujjoji. Wani matashi mai himma ya ɗauki fayil ɗin ya yi masa abin da ya kira gyara, ya mayar da ramin inda yake, ya ɗora, ya ce kyauta ce ga Farfesa. Wani tsohon abokin hamayyarsa, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji, ya bugo waya da murya mai taushi.

"Abokina, kada ka damu. Tef yana tsufa, mu ma muna tsufa. Ba wanda zai ƙwace maka raminka."

Rumbun kuma yana da dokarsa. In kwafi biyu suka saɓa, wanda maƙaloli suka fi dogara da shi ne ke zama a sama, ɗayan a liƙa masa tambari mai ruwan ɗorawa da ke cewa ana shakkar ingancinsa. Haka kwafin da aka ciro daga hoto ya zauna a sama, ainihin abin da Dogo ya ɗauko daga sama ya koma ƙasa da tambarin shakka a goshi. Mai kula da rumbu ta ba shi haƙuri, ta ce doka ce, ba ta da ikon cire shi sai da hujja.

"To shi ke nan," in ji matarsa. "Ka faɗa, ba su yarda ba. Ka fita haƙƙinsu, sunanka kuma yana nan. Wa ya kai ka sa'a?"

Gaskiyarta. Ƙofa ce aka buɗe masa har da shimfiɗa, ba abin da ya rage sai ya yi shiru, kuma shiru sana'arsa ce. Ya gwada. Amma kullum da safe sai ya buɗe shafin da ya rantse ba zai buɗe ba, ya zuba wa tambarin nan ido. Abin da ya ci masa rai ba ƙaryar ba ce, ya daɗe da sabawa da ita. Cewa da aka yi bakansa ne mai kuskure, shi ya hana shi sakat. A duk rayuwarsa abu ɗaya ya yi daidai daga farko har ƙarshe, shi ne abin da ya ɗauka a kan dutsen nan, kuma shi aka liƙa wa shakka don a kare inuwar yatsa. Ya ga cewa ba zai iya riƙe biyun ba, ko sunan ko aikin. Ya yi mamakin kansa da ya ga wanda ya fi so.

Ya sauka ƙasan ginin. Mai kula da rumbu tana ganin fuskarsa ta ajiye kofin shayi.

"Ɗora hoton, 'yata."

"Malam, za su yi dariya."

"Matata ta riga su."

"Ba irin tata ba. Wannan ba za ta ƙare ba."

"Na sani. Ki ƙara girmansa yadda kika yi mini, har farcen ya fito. Ki rubuta a ƙasa cewa yatsata ce, ta hannun dama."

Ta rubuta. Shi ya danna maɓallin da kansa, da yatsar.

Aka yi dariya. An yi ta a ofisoshi, an yi ta a taruka, an buga hoton an liƙa a ƙofofi, wani har a jikin kofin shayi ya sa aka zana shi. Waɗanda suka rubuta maƙaloli a kan ramin ba su yi dariya ba, ba su kuma yafe ba. Taron da ya hango, mai tafi a tsaye, bai zo ba. Jawabinsa gajere mai tawali'u ya zauna a cikinsa. Abokin hamayyar nan ne kaɗai ya sake bugowa, ya ce, "Ni da ba zan iya ba," ya kashe. Walimar ban kwana da sashe ya shirya masa an yi ta a ƙaramin ɗaki, shugaban sashe ya yi magana a kan tsawon shekarun da ya yi yana aiki, bai ambaci tauraro ko ɗaya ba.

An cire wa bakansa tambarin shakka, ya hau sama. Da masana suka dube shi da idon basira sai suka ga tauraron ba shi da wani abin mamaki, irin sauran ne, ya fashe yadda ake fashewa. Bakan mai kyau ne, mai tsabta, yana da amfani. Aka zuba shi cikin ɗaruruwan irinsa ana lissafi da su gaba ɗaya, ba mai tsayawa ya karanta sunan da ke gefe. Waya ta daina ƙara a gidan Dogo. Ya koyi ban ruwan fulawa, ya koyi raka matarsa kasuwa yana riƙe mata jaka, tana nuna shi ga masu kaya tana cewa ga sabon ɗan aikinta. Wani lokaci yana jin sauƙi a ransa, wani lokaci kuma kewar kujerar gaba takan kama shi har ya rasa abin da ke masa daɗi.

Bayan an kwana biyu, wata rana ya biya ta sashen don ya mayar da wasu littattafan laburare da ya tarar a kwalinsa. An yi fenti, an canza ƙofofi, fuskokin duk sababbi ne. Yana wucewa ta gaban ɗakin kwamfutoci sai ya ji muryar wata ɗaliba cike da murna, ya tsaya.

"Malam, zo ka gani! Na samu rami a inda ba wanda ya taɓa gani!"

Malamin sabo ne, matashi, Dogo bai san shi ba. Ya leƙa fuskar kwamfutar ya taɓe baki.

"Kafin ki gaya wa kowa, ki koma ainihin abin da na'ura ta ɗauka. Ki tabbatar ba Ramin Dogo ba ne."

"Mene ne Ramin Dogo?"

"Haka ake kiran duk ramin da ba na tauraro ba. Ƙura ce, ko inuwa, ko kuskuren mai aiki. Duk duniya haka ake cewa, ki saba da shi tun yanzu."

"Shi Dogon wane ne?"

"Oho. Wani ne can da. Ina jin ya ma rasu."

Dogo yana tsaye da littattafai a hannu. Sunan da ya ji tsoron ya bi shi kabari ga shi nan da ransa da lafiyarsa, yana yawo a bakin yaran da ba su taɓa ganinsa ba, zai kuma daɗe fiye da littattafan duk abokansa. Ya rasa ko dariya zai yi ko kuka, kuma duka biyun sun taso masa.

"Bai rasu ba," ya ji bakinsa ya faɗa.

Suka juyo suka ga wani tsoho a bakin ƙofa. Malamin ya ɗan rusuna.

"Sannu, Baba. Ka san shi ne?"

Dogo ya dubi ɗalibar, ta riga ta fara neman ainihin fayil ɗin, murnarta ta ragu amma hannunta bai tsaya ba.

"Mun yi aiki tare," in ji shi. "Ki duba da kyau, 'yata. Shi bai duba ba."